Abin da ke kashe bishiyoyin wolnot a dazukansu na asali

Wani ɗalibi da ke karatun kula da gandun daji a Afaka, nan Kaduna, ya aiko da tambaya cewa an ba su aiki a kan dazukan wolnot masu fitowa da kansu a tsakiyar Asiya, kuma yana son ya san abin da ke kashe bishiyoyin, da kuma ko mutuwar tana bin wani tsari ko kuwa kowace bishiya da irin ajalinta. Ya ƙara da cewa abin da ya karanta zuwa yanzu ya sa yana ganin cuta da ƙwari su ne kan gaba.

Malam, mutuwar tana da tsari, kuma tsarin a bayyane yake ga wanda ya san inda zai duba. Game da cuta da ƙwari kuwa, a dazukan tsakiyar Asiya yawanci su ne ke zuwa a ƙarshe su ƙarasa bishiyar da wani abu ya daɗe da raunana ta. Idan ka rubuta cewa naman gwari ne ya kashe bishiya don ka gan shi a jikinta ranar da ta faɗi, to ka rubuta abin da ya rufe labarin, ka bar wanda ya buɗe shi.

Kafin mu yi nisa, ka raba wannan bishiya da abin da ake dafawa a ƙulla a leda ana sayarwa a bakin titi da damina, wanda ake kawowa daga kudancin ƙasar nan, wanda shi ma ake kira wolnot. Wancan tsiro ne mai yaɗo da ke hawa jikin wasu bishiyoyi a kurmi, kuma ba danginsu ɗaya ba. Wadda muke magana a kai ita ce Juglans regia, babbar bishiya mai zubar da ganye lokacin sanyi, wadda kan kai mita 25 ko fiye, ta kuma yi ɗaruruwan shekaru a raye. Dazukanta mafi girma a duniya suna kudancin Kirgizistan, a lardin Jalal-Abad, a gangaren tsaunukan Fargana da Catkal, kuma wanda ya fi shahara shi ne na Arslanbob. Akwai ragowarsu a Uzbekistan da Tajikistan, akwai kuma wani ɗan kwari da aka keɓe dominta a gundumar Gongliyu ta yankin Shinjiyan a ƙasar Sin. Tana zaune ne a tsayin da ya kama daga kimanin mita 1,000 zuwa 2,000 sama da teku, a gauraye da tuffa da fulam na daji.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne yanayin wurin, domin rabin amsar tana cikinsa. Ruwan da ke sauka a kewayen Arslanbob ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, wanda bai yi nisa da na Kaduna ba, amma lokacin saukarsa ya saɓa da namu. A nan ruwa da zafi da ganye suna zuwa tare, bishiya tana sha tana girma a wata guda. A can mafi yawan ruwan yana zuwa ne da hunturu a matsayin dusar ƙanƙara, sai kuma watannin Maris zuwa Mayu, sa'annan sama ta ɗauke daidai lokacin da bishiyar ta cika da ganye, 'ya'yanta suna ƙosawa, tana buƙatar ruwa fiye da kowane lokaci. Saboda haka daga Yuli zuwa Satumba wolnot tana rayuwa ne da abin da ƙasa ta ajiye mata. Inda ƙasa take da zurfi, take kuma a gangaren da ke fuskantar arewa wanda rana ba ta dukansa sosai, ajiyar takan kai ta. Inda ƙasa take sama-sama a kan dutse, ko gangaren yana kallon kudu, ajiyar takan ƙare tun kafin kaka, kuma a irin waɗannan wurare ne za ka fara ganin busassun rassa a ƙololuwar bishiyoyi.

Idan aka bi mutuwa bisa shekarun bishiya, za a ga ta yi yawa ƙwarai a farkon rayuwa, ta ragu sosai a tsakiya, sa'annan ta sake hawa a tsufa. Wannan haka yake a kusan kowane daji, amma a dajin wolnot ɓangaren farko ya fi tsanani, kuma shi ne ɓangaren da mai wucewa ba ya gani. Ƙwayar wolnot babba ce mai mai, kowa yana so. Beraye da hankaki da aladun daji suna ci, ko da yake beraye da tsuntsaye suna yi wa bishiyar wani alheri, domin sukan binne wasu su manta, daga nan ne ma tsiro da yawa ke fitowa. Mutum ne ba ya mantuwa. A watannin Satumba da Oktoba iyalai sukan tashi daga ƙauyuka su kafa bukkoki a cikin dajin, kowane gida a yankin da ya karɓa haya daga hukumar gandun daji, su tsince ƙasa tas, domin kuɗin wolnot shi ne babban abin da gidaje da yawa ke samu a shekara. Ƙwayar da ta tsira daga wannan tsinta ta tsiro, sai ta haɗu da lauje, saboda ana yankan ciyawar ƙarƙashin bishiyoyi a busar wa dabbobi don hunturu, kuma mai yanka ba ya bambanta ciyawa da tsiron da bai wuce taƙi biyu ba. Wadda ta tsere wa lauje, saniya ce ke jiran ta.

Ka tsaya a kan irin wannan tsiro ka dube shi da kyau. Za ka ga ɗan kututture mai kaurin babban yatsa, tsawonsa bai kai gwiwa ba, kansa ya yi cunkus da gajerun rassa huɗu ko biyar, kowane ɗaya da tabon haƙori a inda aka gutsure shi. Idan ka yanke shi ka ƙirga zoben da ke cikin itacen, sau da yawa za ka tarar ya girmi abin da tsawonsa ya nuna da shekaru masu yawa. Kowace bazara yana fito da toho daga abincin da ya tara a saiwa, kowace shekara ana cinye tohon kafin ya mayar da abin da ya kashe, har ranar da saiwar za ta ƙare ya bushe. Babu mai lissafa wannan a cikin mutuwar bishiyoyi, domin ba a taɓa lissafa shi a cikin bishiyoyin ba tun farko. A ganina wannan ita ce mutuwar da ta fi kowace hatsari ga dajin, kuma idan aikinka bai ba ta babban gurbi ba, to bai amsa tambayar ba.

Ko babu dabba ko ɗaya, ƙananan suna da wani abokin gaba, wato inuwar iyayensu. Wolnot bishiya ce mai son haske, tsironta yana iya jure inuwa na 'yan shekaru da ƙarfin abincin da ke cikin ƙwayar, amma idan sama ba ta buɗe ba zai tsaya cak, ya rame, ya mutu. Shi ya sa a dajin da aka bari da kansa ake samun matasan bishiyoyi a gungu-gungu, a inda wata tsohuwa ta faɗi ta bar sarari, ko a bakin rafi, ko a tabon zaftarewar ƙasa. A cikin gungun kuma sai gasa ta fara, waɗanda suka riga kai kansu sama su danne sauran, na ƙasa su riƙa bushewa a tsaye ɗaya bayan ɗaya. Wannan mutuwa ce ta lafiya, haka daji ke sassabe kansa, kuma bai kamata ka haɗa ta da sauran a lissafi ɗaya ba. Za ka ci karo da maganar juglon, sinadarin da ke cikin ganye da ɓawo da saiwar wolnot wanda ke hana wasu tsirrai girma a kusa da ita. Gaskiya ne yana nan, kuma ya fi ƙarfi a baƙar wolnot ta Amurka, amma kada ka ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa, haske da kiwo sun ishe ka bayanin rashin tsiro a yawancin wurare.

Yanzu mu koma kan manya. Masana cututtukan bishiya suna raba dalilan mutuwar babbar bishiya gida uku: abin da ya daɗe yana rage mata ƙarfi, abin da ya buge ta farat ɗaya, da abin da ya shigo ta ƙofar da bugun ya buɗe. A dajin wolnot na farkon shi ne tsufa da ƙasa marar zurfi da kofaton dabbobi. Kofato yana daddaɓe ƙasa har ruwan ƙanƙarar da ta narke ya riƙa gudu a sama maimakon ya nutse, yana tafiya da ƙasar sama, yana tone saiwoyi, kuma ajiyar ruwan da na ambata ta ragu ke nan tun kafin rani ya zo.

Bugun farat ɗaya iri uku ne suka fi yawa. Akwai sanyin da ke dawowa a makare, a Afrilu ko farkon Mayu, bayan bishiya ta riga ta fito da sabon ganye da fure. Dare ɗaya na daskarewa ya isa ya mayar da tohon baƙi ƙirin kamar an babbake shi, amfanin shekarar ya tafi, bishiyar kuma dole ta sake fito da wani ganye daga abin da ta ajiye. Sau ɗaya ba ya kashe ta, amma idan ya maimaitu, ko fari ya biyo baya a shekarar, to ta shiga bashin da ba lallai ta iya biya ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarowa da dare ta taru a ƙasan kwari, saboda haka wannan ɓarna ta fi yawa a ƙasa-ƙasa, ba a saman tudu ba kamar yadda mutum zai zata. Akwai kuma dusar ƙanƙara mai jiƙa da nauyi, wadda idan ta sauka da wuri tun ganye bai gama zuba ba takan tsaga manyan rassa. Na uku shi ne fari, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa.

Ruwa yana hawa bishiya ne ta cikin siraran bututu a jikin itace, ganye na jan sa daga sama yayin da yake fitar da tururi. Idan ƙasa ta bushe jan ya yi tsanani, sai igiyar ruwan ta tsinke, iska ta shiga bututun, kuma bututun da iska ta shiga ya daina aiki. Wolnot ba ta cikin bishiyoyi masu jure wannan sosai. Dabararta ita ce ta rufe ƙofofin ganyenta da wuri, idan abin ya ci tura ta zubar da ganyen don ta ceci rassa. Dabarar tana hana ta bushewa nan take, amma bishiyar da ta rufe ƙofofin ganye ba ta yin abinci, ga shi kuma tana ci gaba da cin wanda ta tara. Daskarewar hunturu ma tana shigar da iska cikin bututun, kuma gyaran da bishiyar ke yi kafin bazara da sukarin da ta ajiye take yin sa. Ka ga ke nan fari da sanyi suna cin asusu ɗaya ne. Wannan ne dalilin da ya sa bishiya ba ta cika mutuwa a shekarar farin ba, sai bayan shekara biyu ko biyar ko fiye, lokacin da mutane suka manta da farin suna neman dalili a wani wuri. Zoben da ke cikin itace ba ya mantawa, a kututturen irin wannan bishiya za ka ga zobba masu faɗi, sai wuri guda da suka matse, daga nan kuma ba su sake buɗewa ba har ɓawo.

Sai masu shigowa ta ƙofa. Babba a cikinsu shi ne ruɓar ciki da naman gwari ke haddasawa, kuma wanda aka fi sani a jikin wolnot shi ne Inonotus hispidus, wanda ke fitowa a gangar bishiya kamar rabin faifai mai gashi-gashi, ja-ja yana sabo, baƙi idan ya tsufa. Ba ya iya huda lafiyayyen ɓawo, rauni yake nema, kuma raunuka ba su da wuyar samu a dajin da ake hawa bishiyoyi ana girgiza su, ana dukan rassa da sanda don 'ya'ya su zubo, ana saran reshe don itacen girki. Yana cin tsakiyar itacen shekara da shekaru alhali bishiyar tana ganye tana 'ya'ya, domin ɓangaren da ke ɗaukar ruwa da abinci yana kusa da ɓawo ne. Ranar da iska ko ƙanƙara ta karya ta, sai a ga ashe kauri kaɗan ne ya rage a kewaye, cikin kuwa ya zama gari mai laushi da za ka iya ɗiba da hannu. A tsofaffin sassan dazukan Kirgizistan wannan ruɓa ta zama ruwan dare. Tsutsar malam-buɗe-littafin nan Lymantria dispar ma takan yi annoba a wasu shekaru ta cinye ganye, akwai kuma cututtukan da ke sa ganye da 'ya'ya tabo a shekara mai yawan ruwa, amma waɗannan sun fi rage amfani da ƙarfi a kan su kashe kai tsaye.

Akwai wata mutuwa da ke zaɓen manya kawai, kuma ta hannun mutum ce. Wasu tsofaffin bishiyoyi suna yin wani ƙaton ƙullutu a gindi, wanda idan aka yanka shi sirara ake samun katako mai zane kamar an yi masa ado, ana lulluɓe kayan ɗaki masu tsada da cikin motocin alfarma da shi. Tsadarsa ta sa an daɗe ana farautar irin waɗannan bishiyoyi, kuma ko an sare ƙullutun kawai an bar bishiyar, raunin ya fi ƙarfin ta rufe shi. Tun 1945 hukumomin Tarayyar Sobiyet, wadda Kirgizistan ke cikinta a lokacin, suka ba dazukan matsayi na musamman na kariya, amma bayan rushewar tarayyar a 1991 ayyukan yi sun ƙare a ƙauyukan, mutane suka koma ga dabbobi da daji, matsin ya ƙaru ta kowace fuska. Hana sara kuma yana da tasa illar idan aka tsaya a kansa kaɗai, domin dajin da ba a taɓa manyansa, ana kuma cinye ƙananansa, zai tsufa ne gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan shi ne hoton da ake gani a wurare da yawa a yau, manyan bishiyoyi masu kyan gani a kan ciyawa mai tsabta, babu na tsakiya, babu ƙanana. Bambancin yana fitowa idan aka kwatanta da tsakiyar gandun Sari-Celek na Kirgizistan, wanda aka keɓe tun 1959, inda ƙarancin kiwo ya bar ƙarƙashin daji da sarƙaƙiya da matasan itatuwa.

Wani bincike da aka buga a 2008, wanda ya duba ƙurar furanni da ta kwanta a ƙasan tabkunan yankin, ya nuna cewa yawancin waɗannan dazuka ba su wuce shekara 2,000 da bazuwa ba, wasu ma kimanin 1,000, kuma da alama da hannun mutum a yaɗuwarsu. Na kawo wannan ne domin yana canja yadda ake kallon maganin. Idan dajin ya tashi ne tare da mutane, to korar mutane daga cikinsa ba ita ce hanyar da ta dace da tarihinsa ba, balle ma ba za ta yiwu ba.

Inda zatonka na farko ya yi daidai shi ne Amurka ta Arewa. A can akwai cututtuka biyu da ke kashe lafiyayyar bishiya ba tare da jiran wani ya raunana ta ba. Ɗaya tana kama Juglans cinerea, wani nau'in wolnot na can, an fara ba da rahotonta a jihar Wiskonsin a 1967, ta kuma ci bishiyar har Kanada ta sanya ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Ɗayar kuma ta haɗin gwiwa ce tsakanin wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo da bai wuce milimita 2 ba da naman gwarin Geosmithia morbida da yake ɗauke da shi. Kowace huda tana zama ɗan gyambo a ƙarƙashin ɓawo, idan suka yi dubbai sai su haɗe su yanke hanyar abinci, bishiyar ta mutu cikin 'yan shekaru bayan alamun sun bayyana. Ƙwaron ɗan asalin kudu maso yammacin Amurka ne da Meziko, inda wolnot ɗin wurin ta saba da shi, ɓarnar ta fito ne da ya haɗu da baƙar wolnot. An same shi a jihar Tenesi a 2010, a Italiya kuma a 2013, kuma jigilar gungume da itace ce ke kai shi nesa. Alamar irin wannan mutuwa ita ce ba ta kula da gangare ko zurfin ƙasa, tana bazuwa ne daga wuri guda zuwa maƙwabta, sau da yawa daga bakin hanya ko wurin ajiye katako.

Daga nan za ka iya karanta dalili daga inda gawarwakin suke da yadda suka mutu. Ƙanana da suka bushe a tsaye a ƙarƙashin manya, gasar haske ce. Manya da suka fara bushewa daga sama a gangaren kudu da kan duwatsu, ka nemi fari. Waɗanda suka karye a tsakiya, ka leƙa cikinsu ka nemi ruɓa, waɗanda suka tuge da saiwa a jere kuma ƙasa ce ta zame ko iska ta same su a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan kuma ƙanana suna raguwa yayin da kake kusantar ƙauye ko burtali ko mashaya, ba ka buƙatar wani ya gaya maka. Kada yawan busassun itatuwa da ka gani ko ba ka gani ba ya ruɗe ka, domin kusa da gari ana kwashe su a ƙona tun kafin mai ƙidaya ya iso, kututture ne kawai zai ba ka shaida. Hanyar da ake dogara da ita ita ce a keɓe fili na dindindin, a sa wa kowace bishiya lamba, a auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a dawo bayan shekara biyar a sake dubawa. A dajin da ya kai girma ba tare da wata annoba ba, manyan da ke mutuwa a shekara ba su cika wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba, wannan ne ma'aunin da za ka gwada abin da ka samu da shi.

Ba sai ka je Jalal-Abad ba kafin ka gwada idonka a kan wannan. Ka fita gonakin da ke kan hanyar Zariya ko ta Kaciya ka ƙirga kaɗanya da ɗorawa bisa kaurinsu. Za ka samu manya da aka gada, da yawansu kauci ya cika musu rassa, wasu an sassaƙe musu ɓawo don magani, wasu gobara ta ci musu gindi har gara ta samu hanya. Sa'annan ka nemi waɗanda kaurinsu bai wuce na hannunka ba, ka ga nawa za ka samu a gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana tsince 'ya'yan, awaki suna bi bayan girbi. Abin da aka gwada a dazukan wolnot ya kuma yi aiki shi ne a killace wani yanki a hana shi kiwo da yankan ciyawa har sai ƙananan sun fi ƙarfin bakin saniya, a bar wani kaso na ƙwayar a ƙasa ko a shuka ta da hannu a inda haske ke sauka, sa'annan a matsa da shingen zuwa wani yanki. Wahalarsa ba ta fasaha ba ce, ta haƙƙi ce, domin magidancin da hayarsa ta 'yan shekaru ce ba zai hana shanunsa ciyawa saboda bishiyar da a daji takan yi shekara goma ko fiye kafin ta fara ba da 'ya'yan kirki ba, sai idan yana da tabbacin cewa shi ko ɗansa ne zai tsince su. Ka sanya tsawon wa'adin haya a cikin jerin dalilan da za ka tattauna, kusa da fari da kiwo.